Hazo Ya Sauka: Hasashen Yanayi da Lokaci Mai Zuwa a Bakin Bahaushe

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka ne, amma sai wanda ya iya karanta Larabar. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba yadda ake hasashen saukar hazo a lokacin hunturu, da irin cikas ɗin da yake kawo wa matafiya, da kuma kalmomi da lokutan nahawu da Bahaushe yake amfani da su idan zai faɗi abin da bai riga ya faru ba. Ni Bayarabe ne, mutumin Ofa ta Jihar Kwara, kuma a aji na fara koyon Hausa da gaske. Abin da ya sa na ɗauki wannan batu shi ne wani kuskure da na tafka a hutun Disamban da ya gabata, wanda ya ci mini kuɗi, ya kuma hana ni halartar rabin bikin yayata.

Yadda abin ya faru

Na yi hutun ne a Ƙofar Dumi cikin birnin Bauchi, a gidan su wani abokin karatuna, ina tattara bayanai kan Bausanci domin kundin digirina. Mahaifinsa, wanda duk muke kira Baba, tsohon direban babbar mota ne da ya shafe shekaru yana bin hanyar Jos da Maiduguri. Na riga na sayi tikitin jirgin sama daga Bauchi zuwa Abuja na ranar Alhamis, da nufin in kama mota daga can in kwana a gida, tunda shagalin biki zai fara ranar Juma'a, a ɗaura aure ranar Asabar.

A makon da ya gabaci wannan an yi ɗan hazo na kwana biyu, sannan gari ya washe. Ranar Litinin bayan sallar isha'i muna zaune a zaure, sai na ce, "Baba, yaya maganar hazon nan? Ina da tafiya jibi-gata." Ya ɗan yi shiru, ya leƙa waje, ya shafa bayan hannunsa, sai ya ce, "Ɗana, hazo kam ya sauka." Na yi godiya, na shiga na kwanta da kwanciyar hankali. A fahimtata, ya ce mini ƙurar ta riga ta sauka ƙasa, ta kwanta, an gama da ita.

Da asubahin Laraba na fito alwala, sai na ga fitilar ƙofar masallaci ta zama kamar garwashi a cikin toka. Duwatsun da suka kewaye Bauchi, irin su Warinje, waɗanda kullum ake hangowa, sun ɓace ɗungurungum. Rana ta fito fara fat kamar faranti, mutum na iya kallonta ido da ido. Na je na ce wa Baba, "Ba kun ce ya sauka ba?" Ya ce, "To ba ga shi ya sauka ba?"

Kuskure biyu na yi a jimla ɗaya mai kalmomi huɗu. Na farko na ma'ana ne. Idan Bahaushe ya ce damina ta sauka, ko sanyi ya sauka, ko hazo ya sauka, yana nufin abin ya iso, kamar yadda baƙo yake sauka a gida. In tafiyarsa ake nufi, sai a ce hazo ya yaye, ko gari ya washe. Kuskure na biyu, wanda ya fi ba ni kunya a matsayina na ɗalibin harshe, na nahawu ne, kuma zan dawo kansa.

Hunturu, ɗari, hazo da 'yan'uwansu

A Yarabanci kalma ɗaya muke da ita, ọyẹ́, ta ɗauke iskar da sanyin da ƙurar gaba ɗaya. Shi ya sa da na fara koyon Hausa na ɗauka hunturu da hazo da sanyi duk abu guda ne. Ba haka ba ne.

Hunturu shi ne busasshiyar iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, kuma shi ne sunan lokacin da take kaɗawa, wato daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris. Ɗari shi ne sanyin da wannan iska take kawowa, mai bushe fata, ya fasa leɓe, ya sa faso a dunduniya. Sanyi kuwa kalma ce mai faɗi, ta haɗa da na ruwan randa da na damina da na zazzaɓi. A kula, ɗari na sanyi yana da dogon wasali a gaɓar farko da karin sama (ɗaarii), shi kuwa ɗari na ƙidaya gajeren wasali ne da karin ƙasa (ɗàrii). Idan sanyin ya yi tsanani sai a ce ana jaura, ko ana muku-mukun sanyi. Hazo shi ne lallausar ƙurar da ke rataye a sararin sama ta tare gani. Akwai kuma buda, wadda za a tarar a tsofaffin ƙamusu da ma'anar hazo mai haɗe da iska, ko da yake ban cika jin ta a bakin matasa ba.

Abin lura ga matafiyi shi ne ana iya yin ɗari ba hazo, ana kuma iya yin hazo ba wani ɗari mai yawa. Sanyi bargo yake nema. Hazo ne ke soke tafiya.

A nan zan ɗan ratse in yi magana da masu sha'awar fassara. Kafofin labarai na Hausa sun saba kiran lokacin sanyin Turai da Amurka hunturu, kuma ba ni da ja da haka. Sai dai idan aka zo labari irin na Disambar 2022, lokacin da guguwar dusar ƙanƙara ta rufe birnin Bafalo na Amurka aka soke dubban tashin jirage, kada mai fassara ya tsaya a "guguwar hunturu" kawai. Mai sauraro a Darazo ko Ningi ƙura zai hango a ransa. Dole a ambaci dusar ƙanƙarar, domin hunturunsu jiƙaƙƙe ne, namu busasshe.

Daga ina hazon yake zuwa?

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka ƙurar gonakinmu da titunanmu ce iska take tayarwa. Akwai wannan, amma hazo mai kauri baƙo ne daga nesa. Babban tushensa wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, kusa da garin Faya. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne. Shi ya sa hazon da ke kwanciya a kan tabarma da gilashin mota fari-fari ne, ba ja irin ƙasarmu ba.

A lokacin sanyi iska mai nauyi takan taru a kan arewacin Sahara, wajen Libiya, ta gangaro kudu. A kan hanyarta akwai tsaunuka biyu, Tibesti da Enedi, sai ta matse ta bi ta tsakaninsu kamar yadda ruwa ke ƙara gudu a ƙuntataccen kwalbati. Tana fita sai ta faɗa kan kwarin Bodele da ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Wani kaso na wannan ƙura har tekun Atilantika yake tsallakawa ya kai Kudancin Amurka.

A nan ne hasashe yake samun ƙafar tsayawa. Tsakanin Faya da Bauchi akwai fiye da kilomita 1,200. In muka ɗauka iskar tana tafiyar kilomita 40 a awa, alal misali, to ƙurar da ta tashi can da safiyar Litinin za ta ɗauki kimanin awa 30 kafin ta iso mu. Ke nan akwai ratar kwana ɗaya zuwa biyu tsakanin tashinta da saukarta. Tun kafin a sami taurarin ɗan'adam masu aikin duba yanayi a Nijeriya sun san cewa idan rahoto ya zo daga Faya cewa ƙura ta tashi gani ya ragu, to Maiduguri da Nguru da Kano su shirya. Yau Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana haɗa rahotannin tashoshin Chadi da Nijar da hotunan tauraron ɗan'adam da lissafin kwamfuta, ta fitar da hasashen kwana uku. Idan ta ce hazo mai kauri, tana nufin gani zai iya komawa mita 1,000 ko ƙasa da haka. Matsakaicin hazo kuwa yakan bar gani tsakanin kilomita 2 zuwa 5. Waɗannan alƙaluma su ne zuciyar sanarwar, kuma abin takaici su ne mai fassara yakan tsallake in lokaci ya ƙure masa.

Shi kuwa Baba bai san Faya a taswira ba. Da na tambaye shi daga baya me ya gani a daren Litinin, sai ya lissafa mini. Ya ce iska ta kwana biyu a kwance, amma da la'asar ɗin ranar ta juyo daga gabas tana da kaifi. Ya ce raɓa ba ta sauka a kan motocin unguwa ba da safe. Ya ce fatar hannunsa ta ja, kuma taurarin da ke ƙasa-ƙasa ta gabas sun dushe alhali na tsakiyar sama suna nan tar. Duk waɗannan alamu ne na busasshiyar iska da ta riga ƙurar isowa. Ya kuma ambaci lissafin taurari da malamai da manoma suke bi, inda ake raba shekara gida 28, kusan kowanne kwana 13, bakwai daga ciki na ɗari ne, daga Shaula zuwa Sa'adu Ahbiya. Amma shi da kansa ya ce wannan lissafi lokaci yake nunawa, ba rana ba. Zai gaya maka an shiga tsakiyar sanyi, ba zai gaya maka ko jirgi zai tashi ranar Alhamis ba.

Lokaci mai zuwa na biyu

Yanzu ga kuskuren nahawun. Duk ɗalibin aji ɗaya ya san Hausa tana da lokaci mai zuwa iri biyu. Na ɗaya shi ne mai za: zan tafi, za ka tafi, zai tafi. Na biyu shi ne wanda muke haddacewa domin jarrabawa mu watsar: nâa tafi, kâa tafi, kyâa tafi, yâa tafi, tâa tafi, mâa tafi, kwâa tafi, sâa tafi, âa tafi. Dukkansu da dogon wasali da karin sauti faɗau, wato murya ta fara a sama ta faɗo.

A jera shi kusa da shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya: naa, kaa, kin, yaa, taa, mun, kun, sun, an. Za a ga biyar daga ciki ba su da matsala, domin ba mai rikita kin da kya, ko mun da ma, ko sun da sa. Amma huɗu, wato na da ka da ya da ta, babu abin da ya raba su sai karin sauti. Kuma daidaitacciyar hanyar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Saboda haka waɗannan jimloli biyu a takarda abu ɗaya ne:

(1) Hazo yaa sauka. (ya riga ya iso)
(2) Hazo yâa sauka. (yana nan tafe, a saurare shi)

Ta biyu Baba ya faɗa. Ta ɗaya na ji, na kuma ƙara da juya ma'anar aikatau.

Abin da ya sa wannan ya shafi zancen yanayi musamman shi ne duk abin da ake hasashensa "ya" ne ko "ta". Hazo, hunturu, ɗari, hadari, ruwa, duk "ya". Ƙura, guguwa, raɓa, rana, duk "ta". Ba a cika samun jam'i ba balle "sun" da "sa" su cece ka. A Bauchi ma abin ya ƙara matsewa, domin a Bausanci da yawa ba sa bambanta jinsi, sai ka ji "ƙura ya tashi", "mota ya cika".

Na yi mamakin kaina, domin Yarabanci yana da karin sauti uku, kuma na sha yi wa abokaina alfahari cewa kunnena ya fi nasu. Gaskiyar magana ita ce na koyi Hausa da ido fiye da kunne. Shekara uku ina karanta "ya" a littafi ina ba ta ma'anar abin da ya wuce, har kunnen ya daina aiki.

Mene ne bambancin ma'ana tsakanin lokutan biyu? Littattafan nahawu sukan ce na biyu bai kai na ɗaya tabbaci ba. A iya abin da na saurara a Ƙofar Dumi, ina ganin wannan bayani bai cika ba. Idan dattijo ya ce "yâa sauka", ba kokwanto yake nunawa ba. Yana cewa ne abin yana tafe bisa ga yadda aka saba, amma ranar da sa'ar ba a hannunsa suke ba. Shi ya sa wannan lokaci ya yi yawa a gargaɗi da karin magana: kâa gani; mâa haɗu; kowa ya haɗiye taɓarya yâa kwana tsaye. Babu wanda zai ce mai wannan karin magana yana shakkar makomar mai haɗiye taɓarya. "Zai" kuwa ta fi dacewa da abin da aka yanka wa lokaci: jirgi zai tashi ƙarfe goma. Haka kuma a tuna, lokaci mai zuwa na biyu ba ya shiga jimlar dogarau ko ta tambaya mai "yaushe" da "wa". Ba a cewa "yaushe hazo yâa sauka?" sai dai "yaushe hazo zai sauka?" Da na yi wa Baba wannan tambaya a daren, da ban shiga uku ba.

Akwai kuma kalmomin da ke auna nauyin hasashe, waɗanda ya kamata mai fassara sanarwar yanayi ya riƙa zaɓa da hankali. "Wataƙila" da "mai yiwuwa" sun fi rauni. "Da alama" tana nuna an ga wata shaida. "Ana hasashen" ta masana ce. Wadda nake da ƙorafi a kanta ita ce "ana sa ran". Sa rai na abin da ake so ne, kamar albashi ko ruwan shuka. Idan aka ce ana sa ran hazo zai hana jirage sauka, kamar ana murna da abin ne. "Ana fargabar" ita ce a wurinta. Sannan hasashe daban, duba daban. Kada a kira ma'aikacin yanayi mai duba, domin kalmar tana kai hankali ga bokaye da 'yan bugun ƙasa.

Hazo da matafiyi

Ranar Alhamis na je filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke kan hanyar Ningi, na zauna daga safe har la'asar. A can na fahimci cewa matsalar ba tashi ba ce, sauka ce. Jirgin da zai ɗauke mu daga Abuja zai taso, kuma matuƙi ba ya sauka sai ya ga titin jirgi daga wani nisa da doka ta ƙayyade, gwargwadon na'urorin da filin yake da su. In ganin bai kai ba, ba zai ma taso ba. Aka ce mu dawo gobe. Da na duba wayata sai na tarar an fitar da gargaɗin hazo tun farkon mako, ni ne ban nema ba.

Ba ƙananan filaye kaɗai abin yake shafa ba. A Fabrairun 2020 hazo ya sa an karkatar da jiragen ƙasashen waje da dama daga Legas zuwa Akara ta Ghana, fasinjoji suka yi kwanaki a can. Dattawa kuma ba su manta da 22 ga Janairun 1973 ba, ranar da jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda, wanda rashin kyawun yanayi ya hana shi zuwa Legas, ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Wanda ya san wannan ba zai zagi matuƙin da ya ƙi sauka ba, ko da yake ranar nan na yi gunaguni iya ƙarfina.

Da na dawo gida da jakata, Baba bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya ce in haƙura da jirgi in bi mota, amma ya gindaya mini sharuɗɗa irin na tsohon direba. Kada in shiga motar asuba, domin a lokacin iska a kwance take, ƙura da hayaƙin ƙunar daji sun taru a ƙasa-ƙasa, sai rana ta ɗaga suke ɗan bajewa. In duba motar da fitilunta na gaba da na baya suke aiki, domin a hazo fitila ba don ka gani ba ce kawai, don a gan ka ce. In na ga direba yana yawan wuce manyan motoci alhali ba ya ganin abin da ke tafe, in yi magana, kada in ji kunya. Ya ce abin da ya fi kashe mutane a irin wannan rana shi ne babbar motar da ta lalace a kan hanya aka jera mata ganye, da garken shanu masu tsallaka titi, domin farar saniya a cikin farin hazo ba a ganinta sai an zo kanta. Inna kuma ta ba ni man kaɗanya da rawani, ta ce Jos ta fi Bauchi sanyi nesa ba kusa ba. Gaskiyarta, domin Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ninki biyu na Bauchi.

Mun bar Bauchi ƙarfe tara na safiyar Juma'a. Tafiyar Jos, kilomita 130 ko kusa da haka, wadda aka saba yi cikin awa biyu, ta ci mana fiye da uku. Tsakanin Nabordo da Toro mun wuce wata tirela a gefen hanya da ƙaramar mota a cuse a bayanta, mutane sun kewaye. Babu wanda ya ƙara ce wa direbanmu ya taka. Na kwana a Abuja, na isa Ofa ranar Asabar da yamma, an riga an ɗaura aure an watse, sai ragowar shinkafa da faɗan mahaifiyata.

Ga ɗan aikin da nake ba 'yan'uwana masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. A sami wanda ya tashi da harshen, a ba shi waɗannan jimloli ya faɗe su ta hanya biyu ba tare da ya gaya maka wadda ya fara da ita ba: ruwa ya sauka, mota ta cika, ka sha wuya, na zo. A rufe ido a saurara. In an ci takwas cikin takwas, a sake da wani mutum mai saurin magana.

Da na koma Ƙofar Dumi a Janairu na ba Baba labarin duk abin da na gano, har da Faya da karin sauti faɗau. Ya yi dariya har da tari, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, Hausa kam ka iya." Na ji daɗi ƙwarai, har na fara godiya. Sai wani abu ya tsaya mini a rai, na ce, "Baba, don Allah ku maimaita." Ya maimaita a hankali. Faɗau ne.